Malam Sahabi, Mai Mayar wa Aiki Sunan Mai Shi

Kullum da hantsi Malam Sahabi yakan buɗe ɗan shagonsa a Tudun Wadar Gusau, ya goge tabarau da bakin riga, ya jira ɗalibai masu koyon rubuta manhaja. Kukansu bai cika sauyawa ba. Ko dai Git, rumbun da suke ajiye aiki, ya ƙi karɓar kalmar sirri, ko manhajar da ta tashi a Windows ta ƙi motsi a Linux don ba a nuna wa kwamfutar inda kayan aikinta suke ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Kwamfutar wa ce?" Ya san a nan aro ake yi, guda ɗaya takan zagaya gidaje.

Wata rana Nana Khadija, 'yar Bungudu, ta zo masa ido jawur. Wani kamfani zai ɗauke ta aiki in ta nuna abin da ta rubuta, sai ga sunan yayanta Muktar a kan komai. A kwamfutarsa ta yi aikin, sunansa ne kuma a saite.

"Malam, sun ce ƙarya nake yi."

"Muktar ɗin da ko rediyo bai iya kamawa?" Ya yi dariya. "Zamna, ɗiyata."

Ya kira Muktar ya nemi izini, ya bi aikin tun daga tushe yana mayar da sunanta, sannan ya tura mata kwamfutar ta saita nata da hannunta. Aka ɗauke ta aikin.

Malam, kai ne kake goge sunanka daga kowace kwamfuta da zarar ka gama, kana cewa amana ce. Shi ya sa yau babu aikin da ke ɗauke da shi. Idonka ya yi ta raguwa a gaban ɗalibanka, ba wanda ya lura sai da aka ga shagon a rufe, aka ce ka koma garinku 'Yandoto.

Can Nana Khadija ta sami Malam, ta miƙa masa waya ya ga sabon aikinta. Ya kai ta kusa da fuska, ya daɗe, sannan ya ce, "Sunan wa ke kai?"

"Nawa, Malam."

"To, alhamdu lillahi."

Mun gode, Malam Sahabi, Allah ya ƙara lafiya. Masu gyara, ku riƙa tambaya irin tasa. Mu kuwa da aka gyara wa, mu je gaisuwa tun idon yana gani.