Makunnin da Ke Cikin Ɓargo

Ɗalibai na kiranta Malama Ɓargo, don duk shekara idan aka zo darasin jini takan zana ƙashi a allo, ta tsaga shi biyu. A nan ciki, in ji ta, ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Ƙwayar kan fara ɗanya, sai wasu sinadarai su hau ƙwayoyin gadonta kamar yatsa a kan makunnin fitila, su kunna wannan su kashe wancan, har ta nuna ta fita aiki. Ɗaya daga cikinsu shi ke kashe irin jinin da jariri ya zo da shi daga ciki, na manya ya karɓa.

"Malama, can ma ana ɗauke wuta?" wani ya taɓa tambaya daga bayan aji. Har ita sai da ta yi dariya.

Lokacin ba ta haifi ɗanta Soja ba. Inna, uwar mijinta, ce ta laƙaba masa sunan saboda ƙiba da ƙarfin kuka. Watanninsa na farko ko mura bai yi ba. Da makunnin ya juya, sikila ta bayyana. Ya kai aji biyu a firamare, rabin rayuwarsa a gadon asibiti, sannan ya rasu. Ta koma aiki, ta ci gaba da zana ƙashin.

Ta so su tsaya da haihuwa. Inna ta ce a danginsu ba a taɓa jin haka ba, mijin kuma ya sunkuyar da kai. Da aka haifi Auta, asibiti suka ce gwajinsu ba ya nuna gaskiya sai jinin ya sauya.

"Boko ne ya hana ki barci," in ji Inna, tana cilla jaririn sama. "Dubi kumatu! Mijin nan nawa ya fi ƙarfin ciwo."

"Inna, haka Soja yake."

"Kul! Kar ki yi wa yaro baki."

Wata safiya tana shirin makaranta, ta zo sa wa Auta safa, ya tsandara ihu. Ƙafar ta kumbura, zafi rau har yatsu. Ta ajiye safar, ta cire alli daga jakarta, ta cusa zanen goyo da flas.

"Baban Soja, fito da babur."

"Haƙori ne, 'yar nan," Inna ta ɗaga murya daga ɗaki. "Duk yara suna yi."

Ta ɗauki Auta, ta rataya jakar, ta nufi ƙofa.