Titus Ɗin Baba

Wata Asabar ce cikin hunturun da council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe laburaren unguwarmu a Manchester, ina 'yar shekara tara. Umma ta kamo hannuna muka hau bas a Oxford Road zuwa kasuwar kifi, fuskarta babu walwala. A satin ne GP, wato likitanmu, ya gaya wa Baba zuciyarsa ta fara rauni, ya rage nama, ya yawaita cin kifi mai maiƙo. Tun daga ranar neman titus ya zama aikinmu.

Ni dai a wurina kifi kifi ne. Umma kuwa sai ta juya shi a kan ƙanƙara, ta duba bayansa, ta danna cikinsa da yatsa. Wanda aka kamo can sama, wajen Scotland da Norway, zanen bayansa baƙi ƙirin ne, cikinsa fari tas, jikinsa a murje, musamman da kaka. Na kudancin Ingila bai kai shi girma ko kitse ba. Akwai kuma na ruwan ɗumi, wajen Maroko, mai ɗigo-ɗigo a ciki, wanda ta ce ta sha saye a Kano da sunan titus ba ta sani ba. "Sanyi ne ke tara masa maiƙo," in ji ta. Baba yakan yi dariya ya ce, "Kin gani, ko a teku ɗan Arewa ya fi." Nawa aikin cire ƙaya. Ina zaune a ƙasan kicin ɗin flat ɗinmu, tagogi a rufe saboda sanyi, ƙarni ya kama min uniform, yara a makaranta suna toshe hanci. Wallahi na tsani kifin nan, amma ban taɓa cewa a daina ba.

Muka dawo Birmingham, shekaru suka ja, har muka manta dalilin cinsa. Makon jiya Baba ya yanke jiki ya faɗi a gabana, a ƙofar gidanmu a Aston, yana sa takalmi. Har yanzu in na rufe ido ƙarar nake ji. Umma tana asibiti wajensa, ni ke girki. Jiya na kai masa farfesun titus. Ya sha cokali biyu, ya dube ni.

"Mamana, gobe ki ƙara yaji."

A da ina ganin muddin akwai titus a tukunya, babu abin da zai same shi. Yanzu na san kifi ne kawai, rai yana hannun Allah. Amma Baba ya ce gobe, kuma ita na riƙe.