Amsar da na kasa ba mai raƙumi

Ko zan manta da komai na shekarar da na fara aikin duba dabbobi a Kafanchan, ba na jin zan manta da wani dattijo mai raƙuma biyu. Daga arewa ya gangaro yana sayar da kanwa da saiwoyin magani, ya sauka bayan kasuwa kusa da layin dogo.

A lokacin an umarce mu, duk raƙumin da ya shigo gari yana majina a ɗebi kaɗan daga hancinsa a aika gwaji, saboda wata cutar numfashi dangin korona da kan tsallaka daga raƙumi zuwa mutum. Taguwarsa kuwa hancinta na zuba. Ni a littafi kawai na san raƙumi, don haka na sa takunkumi da safar hannu biyu-biyu.

"Likita, raƙumi za ka duba ko duniyar wata za ka?" in ji shi yana dariya.

Ya durƙusar da ita, ya rungume kanta, kuncinsa manne da nata. Ina zura tsinken auduga sai ta yi atishawa, duk a fuskarsa. Ya share da gefen rawani. A nan na lura shi ma yana ɗan tari.

"To ɗana, in jira sakamako ko in wuce? Kwoi na nufa. Ana tonon citta, kowa bayansa na ciwo, lokacin cinikina ke nan."

Raina ya ba ni in ce ya jira, ya daina kusantar hancinta, ya je asibiti a duba tarin nan. Amma na ji tsoron in tsare bawan Allah a banza, gwaji ya dawo ba komai, a ce sabon ma'aikaci ya cika zumuɗi.

"Baba, wataƙila mura ce, wataƙila kuma ba ita ba ce. Ba zan iya cewa komai ba tukuna."

"Ku 'yan boko," ya ce, "ba e, ba a'a."

Ba shi da waya, ni kuma ban tambayi inda zai sauka ba. Washegari ya kama hanya.

Bayan fiye da mako sakamako ya dawo: taguwar na ɗauke da cutar. Na hau babur zuwa Kwoi ina tambaya. Wata mai shanyar citta ta ce, "Ya wuce tun tuni. Tari ya hana shi hawa ma, a ƙasa yake jan su." Ba wanda ya san inda ya dosa.

Har yau ban sani ba ko cutar ce ta kama shi, ko ya warke. Mai yiwuwa tarin tsufa ne, haka nake faɗa wa kaina. Abin da na koya dai shi ne, ba sai ka tabbata ba kafin ka gargaɗi mutum. Ran nan na ɗauka taka-tsantsan nake yi, ashe kaina na kare, na bar shi ya tafi.