Gammon da na cusa a bututun Baba

Ranar wata Asabar cikin sanyin shekarar 1956, Baba ya dawo Bunguɗu daga Gusau da jakinsa, bai tsaya sauke mangala ba ya tsuguna a tsakar gida yana zane a ƙasa da tsinke. Ina da shekara tara a lokacin, ina riƙe da tsintsiya, haushi ya kama ni don wurin da na gama sharewa ne yake tonawa. Ya ce wa Inna ya kai kayan miya gidan wani Bature, ya ga ruwa yana ɓullowa daga ƙarƙashin ƙasa yana feshi a kan ciyawa, ba guga ba jigo. Mai kula da lambun gidan ya nuna masa cewa bututu ne aka binne, ruwan yana bi ta ciki. Abin da ya fi ba Baba mamaki shi ne duk wannan ɗawainiya don ciyawa ake yi, ciyawar da ko akuya ba a bari ta taɓa.

Lambunmu yana bakin gulbi, kuma rabinsa rairayi ne. Baba zai wuni yana jan jigo, ruwan ya biyo ta lambatu, amma kafin ya kai fangalin ƙarshe ƙasa ta shanye shi. Sai ya koma ɗiba da ƙwarya yana kaiwa da ƙafa, ga ciwon baya ya fara cinsa, ga shi mu huɗu duk mata ne, ba namijin da zai karɓe shi. Albasar nan kuwa da ita muke cin tuwo idan hatsin rumbu ya ja baya. Inna maginiyar tukwane ce, don haka ya roƙe ta ta gina masa bututun yumɓu masu kama da indararo, kowannensu tsawon kamu ɗaya, bakin wannan ya shiga gindin wancan. Ta yi mita har ta gaji, sannan ta gina, ta gasa su tare da tulunanta. Ni da yayyena muka riƙa ɗaukarsu a ka zuwa lambu, shi kuma yana haƙa, yana jerawa, yana liƙe mahaɗa da laka, yana rufewa da ƙasa. A wajen fangalin ƙarshe ya huda ƙananan ƙofofi, a bakin farko kuma ya ɗaura tsohuwar rariya don tare ganye.

Abin ya yi aiki, wannan zan faɗa ko gaban wa. Na gani da idona, ya zuba guga a wannan kai, can nesa ƙasa ta fara yin duhu tana tsattsafowa. Kowace safiya zai kwance rariyar ya kakkaɓe, ya zura doguwar tsumagiya ya motsa, ya bi layin da tafin ƙafa yana neman inda ya yi yoyo. Amma mutanen gari ba su tsaya gani ba. Maƙwabcin lambunmu, Malam Ɗanjumma, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya fara leƙowa ta saman darni yana cewa, "Mu dai gawa munka san ana bisnewa, ashe kai har ruwa kaka yi wa kabari." Kafin mako ya zagayo sunan Baba ya koma Mai-bisne-ruwa. A dandali idan mun fita gaɗa, sai 'yan mata su saka shi a waƙa, ana tafi ana nuna ni. A rijiya ma ba a bar ni ba, in na miƙa hannu karɓar guga sai a ce in je in tono namu.

Ni kuma yarinya ce mai zuciya da son a yaba. Maimakon in ji haushin masu dariya, sai na ji haushin ubana. A tunanina na banza, idan abin ya lalace zai haƙura ya koma yin noma kamar kowa, waƙar ta mutu. Wata rana da hantsi na kai masa fura, na tarar ya gangara gulbi wanke ƙafa. Na warware gammona, wani tsohon yankin zanen saƙi na Inna, na kwance rariyar, na dunƙule tsumman na cusa, na samo dogon kara na tura shi har sai da hannuna ya ƙare. Na mayar da rariyar yadda take, na zauna ina jiransa kamar mutuniyar kirki.

Lokacin an shiga zafi, kuma bai daɗe da yin dashe a fangalin ƙarshe ba. Ya zuba ruwa ya ga yana dawowa, ya zura tsumagiya ba ta kai ba, sai ya ɗauka bututu ne ya fashe a wani wuri. Ya fara tonowa ɗaya bayan ɗaya daga can ƙarshe, yana tsayawa ya kai ruwa da ƙwarya, har bayansa ya riƙe, ya zama da rarrafe yake aikin. Kwana huɗu ina kai fura ina kallon albasar tana kwanciya tana yin fari. Kullum da maganar a bakina nake zuwa, kullum da ita nake komawa.

Rana ta huɗu ina tsaye ya ɗago wani bututu, ya leƙa, ya sa yatsa ya jawo tsumman. Duk da laka, zanen bai ɓata ba, kuma duk gidanmu an san kan wa yake zama. Daidai nan Malam Ɗanjumma ya leƙo ya ce, "To, mi anka gani cikin kabarin?" Baba ya dunƙule tsumman a hannu ya kai bayansa, ya ce, "Ba komi. Ni ne ban iya ba, kun yi gaskiya." Mutumin ya tafi yana dariya, yana neman wanda zai ba labari. Baba ya shanye furarsa a hankali, ya ɗauraye tsumman a guga, ya matse, ya naɗe shi da kyau ya miƙo mini tare da ƙwaryar. "Amshi gammonki, ɗiyata, kar kanki shi yi ciwo." Da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Bai sake binne bututu ba, bai kuma gaya wa Inna ba, sunan da aka laƙaba masa kuwa ya bi shi har ya bar duniya.

Yanzu ina zaune a Gusau gidan ɗana, inda aka binne bututun roba a ƙarƙashin ciyawa, a murɗa famfo ruwa ya tashi yana juyi, baƙi suna yaba wayewar mai gida. Idan wani bakin feshin ya toshe, a kira mai gyara ya zo ya buɗe cikin ɗan lokaci, ba wanda ya yi asarar komai. Ni dai idan an kunna nakan tashi in shige ɗaki, jikoki suna cewa Hajiya tsoron jiƙewa take yi. Ina so a ce Baba ya ga wannan, ya ji abin da ake cewa yau game da irin tunaninsa. Ya sayar da sunansa ya rufa mini asiri, ni kuwa har aka kai shi makwancinsa ban ce masa ya yafe mini ba.