Malama Halima Sa'adiya, Mai Tambayar Na Ƙarshe a Aji

Kafin rana ta fito ta fara gasa gine-ginen unguwar International City a Dubai, Malama Halima Sa'adiya ta riga ta yi sallah, ta dafa wa maigidanta shayi, ta fito bakin titi jiran motar makaranta. Ni shaida ne, don a titin nan nake jiran motar da ke kai ni sito a Al Quoz, inda nake aikin kago, wato jigilar kaya. Ba ta iya tsayuwa wuri ɗaya. Ta gyara wa wannan yaro wuyan riga, ta leƙa jakar wancan ko an sa masa ruwa, ta ce wa uwar wani, "Jiya ɗanki bai yi barci ba, dubi idonsa." Mota na tsayawa sai ka ji ta: "Yalla, yalla, a shiga da bismillah!" Aikinta a makarantar da take shi ne zama da yaran da karatu ke yi wa nauyi. In ta dawo da la'asar kuma falonta ya cika da 'ya'yanmu, tana biya masu allo tana gyara masu Hausa, don wasu sun fara ce wa tuwo "wancan abin".

Yanzu ga shi Malam Shu'aibu, maigidanta, ya ajiye aiki a masana'antar da yake a Dubai Investments Park, sun fara ɗaure kaya za su koma gida. Tun da na ji labarin na kasa zama. Na shiga sito na fito, na ɗaga waya na ajiye. Yabon gwani ya zama dole, kuma na fi son in yi shi tana da rai, kunnenta na ji.

Akwai aikin da take yi wanda babu wanda ya ɗauke ta, babu wanda ya naɗa ta. Duk wanda zai sa ɗa a makaranta, nan ko a gida Najeriya, wurinta yake zuwa. Abdou, mutumin Maraɗi da ke sayar da kayan waya, shi ma zai ba ku labari. Ya ga wata makaranta mai ginin gilashi ya rikice, Malama ta je ta tsaya a ƙofa lokacin tashi, ta dawo ta ce masa ɗansa da ya taso da Faransanci zai yi shekara a can babu mai ce masa uffan, ta nuna masa wata ƙarama inda akwai malamar da ke jin harshen. Ba ta taɓa cewa makaranta mai kyau ce ko marar kyau haka kawai. Tambayarta ta farko kullum ita ce, "Wa za a sa?"

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami, maganar jikata ce, Asama'u.

A 2018 kamfanin da ɗana Nasir ke yi wa aiki ya rage ma'aikata. Bizar iyalinsa a kan aikinsa take, don haka dole matarsa Maimunat ta koma Kaduna da yara, shi ya tsaya neman wani aikin. Asama'u a lokacin za ta shiga aji ɗaya na sakandare. Yarinya ce mai ladabi, amma a aji kullum a baya take. Malama ce ta fara gano dalili a falonta: ta lura yarinyar na juya kai gefe guda in ana magana. Ashe kunnenta na hagu ne ba ya ji sosai, tun wani zazzaɓi da ta yi tana ƙarama.

Nasir ya zo min da waya a hannu, yana nuna min wata makaranta kusa da gidan surukansa. Ta gwamnati ce, gwamnati ke biyan malamai, amma 'yan mishan suka kafa ta, har yau coci na da hannu a tafiyar da ita. Akwai ɗakin ibadarsu a ciki, akwai gicciye a saman ƙofa.

Ya ce, "Baba, dubi yadda ɗalibansu ke cin jarrabawa."

Na ce, "Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Jikata ba za ta wuce ta ƙarƙashin abin nan kowace safiya ba."

"Baba, ai ta gwamnati ce."

"Gwamnati ce ta kafa abin da ke saman ƙofar?"

Ni kuwa akwai wata mai zaman kanta da wani abokina ya yaba min, sunanta ma da Larabci, na ce can za a kai ta. Nasir bai taɓa ɗaga min murya ba, bai kuma ɗaga ba ranar, amma ya daina zuwa cin abinci wurina ranar Juma'a. Maimunat na can Kaduna tana kuka a waya. Lokacin ɗaukar ɗalibai na ƙurewa, in muka ci gaba da ja-in-ja yarinya ta yi zaman shekara a gida. Ita kuwa ja'irar, Asama'u, ta bugo min ta ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, kai da ko aji ɗaya ba ka yi ba, kai ne za ka zaɓar min makaranta?" Na ce, "Amarya, ki kiyaye ni, ko in sake ki in auro 'yar Dubai." Muka yi dariya, amma da na ajiye wayar zuciyata ba daɗi.

A nan ana rufe makarantu tun ƙarshen watan Yuni, a gida kuwa sai wajen ƙarshen Yuli. Malama na shirin tafiya hutu Zariya wurin danginta, ta tare ni a bakin titi.

Ta ce, "Baba Alhaji, na ji kun yi cirko-cirko kai da ɗanka. Cinikin biri a sama kuke yi. Kai ba ka ga taka ba, shi bai ga tasa ba."

Na ce, "Malama, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Ta ce, "Gaskiya ne. To amma daga Al Quoz zuwa Kaduna, Baba, ko babba sai ya matsa kusa. Bari in je in gano maku. Sai dai da sharaɗi: abin da na gani shi zan faɗa, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba."

Na ce na yarda. Gani ya kori ji.

Abin da ya faru a can, Maimunat ce ta ba ni, don tare suka je. Malama ko kwana biyu ba ta yi da danginta ba ta hawo mota zuwa Kaduna. Ba ta sanar da kowa tana tafe ba. Suka fara da tawa, wadda na zaɓa. An karɓe su da fara'a, aji a share, yara tsaf, shugaban ya zaunar da su yana jero masu sunayen zakarunsu. Malama ta bari ya gama, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, madalla da na ɗaya. Ina so in ga na ƙarshe a aji ɗaya."

Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, mu a nan ba ma ajiye na ƙarshe. In yaro ya kasa, mukan ba iyayensa haƙuri su nemi wani wuri. Shi ya sa kika ga sunanmu ya fita."

Malama ta yi godiya ta miƙe. Maimunat ta ce sai da suka hau Keke suka yi nisa sannan Malama ta ce, "Kin ji inda 'yarki za ta kasance in shekara ta zagayo? A ƙofar gida."

Washegari suka je ta mishan ɗin tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Ta tsaya ta ga taron safe da idonta: Kiristoci suka nufi ɗakin ibadarsu, Musulmi aka ware su gefe, malamin addini ya ja masu addu'a. Ta shiga banɗakin 'yan mata, ta buɗe famfo. Ta leƙa ɗakin kwana. Ta tambayi wata ɗaliba mai hijabi, ba a gaban malamai ba, ko an taɓa tilasta mata shiga coci, yarinyar ta ce a'a. Daga nan ta shiga wurin shugabar, wata dattijuwa Kirista da kowa ke ce wa Madam, ta yi mata tambayar nan tata. Madam ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "Duk mai zuwa nan na ɗaya yake tambaya. Zo mu je."

Suka shiga aji cike maƙil, har wasu na zaune uku-uku a benci. Madam ta tambayi malamin ajin wa ne ne na ƙarshe. Malamin bai buɗe komai ba, bai yi dogon tunani ba, ya nuna bencin da ke gaban teburinsa ya ce, "Ga ta nan, Ladi ce. Idonta ne ba ya ganin allo daga nesa. Na dawo da ita gaba, na kuma aika wa uwarta a kai ta asibiti. A lissafi ta fara motsawa."

Da Malama ta dawo Dubai ta tara mu ni da Nasir a falonta. Ba ta ɓoye wa kowa komai ba.

Ta ce, "Nasir, ɗalibansu na cin jarrabawa, gaskiya ne, amma wayarka ba ta nuna maka famfon ɗakin kwana a bushe yake ba. Aji ya yi cunkoso. Malamin addinin Musulunci guda ne tal a duk makarantar, in ya yi rashin lafiya shi ke nan. Wurin sallah siminti ne a gindin darbejiya, babu rufi, in damina ta zo sai Allah." Ta juyo gare ni. "Kai kuma Baba, taka ta fi tsabta, ta fi tsari, amma ba a gina ta don irin Asama'u ba. A can za a sallame ta. A nan za a san sunanta, a san kunnen da ke ji."

Na ce, "To addininta fa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ta ce, "Shi ya sa ban ce a kai ta kwana ba. Jeka-ka-dawo za ta yi. Ta kwana a gaban uwarta, ta yi asuba a gida, da yamma ta tafi Islamiyya. Mai tanƙwarawar ku ne, Baba, ba makaranta ba. In kun sake ta, ko a Madina kuka sa ta sai ta karkace."

Gaskiya ɗaci gare ta. Nasir ya sunkuyar da kai. Can na ce, "Jeka-ka-dawo. Kuma ranar da na ji ta bar Islamiyya, ranar za ta bar can." Nasir ya ce, "Khalas, shi ke nan, Baba, na ɗauka." Juma'ar da ta biyo ya zo cin abinci.

Kada wani ya ce na sauya ra'ayi a kan abin da ke saman ƙofar nan. Har gobe in na tuna gabana na faɗuwa, kuma duk mako sai na bugo na sa yarinyar ta biya min inda ta tsaya a Alƙur'ani. Ban kuma ce kowa ya kwashi ɗansa ya kai irin wannan makaranta ba. Akwai wata ta mishan daban da Malama ta je ta dawo ta ce wa masu ɗa kada su kuskura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da na sani shi ne, bana Asama'u ta gama aji uku. Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, ba ta ma kusa ba. Amma ba a kore ta ba, a bencin gaba take ta ɓangaren da kunnenta na dama ke fuskantar malami, kuma ta iya ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba. Wanda bai taɓa renon yaro mai jin kunyar tambaya ba, ba zai san girman wannan ba.

Malama, ke ce kika bar hutunki kika shiga rana don 'yar da ba ke kika haifa ba. Ke ce kika dubi tsoho mai furfura kika faɗa masa abin da ba ya son ji, ba ki kuma zubar masa da girma a gaban ɗansa ba. Uwar na baya, mai zuwa ba sanarwa! Mu nan baƙi ne, kowa da bizarsa a aljihu da ƙafa ɗaya a filin jirgi. Yau wannan ya samu aiki, gobe wancan ya rasa, yara ana ta jigilarsu tsakanin ƙasa da ƙasa kamar kayan kwantena. Kaya in sun fashe a hanya akan biya mai su. Yaro fa, wa zai biya?

Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Kina tafiya, iyaye za su koma zaɓen makaranta a waya, su ga hoton gini da kofunan gasa su ce an gama. Allah ya saka miki da alheri, Malama. Allah ya kai ku gida lafiya ke da Malam Shu'aibu, ya ba 'ya'yanki masu tsaya masu kamar yadda kika tsaya wa namu. Na gode, Nasir ya gode, Maimunat ta ce in faɗa miki ita bakinta ya yi kaɗan.

Ku kuma da kuka rage, musamman masu ilimin cikinmu, injiniyoyi da likitoci da ɗaliban jami'a, da ku nake. Aikin nan ba ya bukatar ofis. Duk shekara kuna tafiya gida hutu. A cikin hutun nan ku ware yini guda, ku tambayi maƙwabcinku na nan inda ɗansa ke karatu a can, ku je da ƙafarku, ku shiga aji, ku dawo ku faɗa masa gaskiya ko da zai yi fushi da ku. Wanda ya je ya dawo, abin da ya riƙo wa jama'a kilishi ne kawai da yajin daddawa, to ya riƙe abinsa, kada ya kawo min.