Haddar Baba a Ɗakin Gwajin Ido

Mahaifina direban motar haya ne. Tun kafin a haife ni yake jigila tsakanin Bauchi da Ningi, kuma da wannan sitiyari ya ciyar da gidanmu na Ƙofar Ran. Bai taɓa shiga ajin boko ba, amma ya yi karatun allo mai zurfi, kuma Allah ya ba shi hadda. Abin da ya ratsa kunnensa ya zauna. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ya kiran sunana. "Kai" yake ce mini, in kuma yana cikin nishaɗi ya ce "Ma'aji", domin aikina tsaron sito ne a wata makaranta.

Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya zo.

Lasin tuƙi yana da wa'adi. In wa'adin ya cika, direbobi sukan ce ya mutu. A da, in na Baba ya kusa mutuwa, hoto kawai yake miƙa wa wani mutum a tasha, bayan ɗan lokaci a kawo masa sabo. Sai tsari ya canza. Aka ce kowa ya je da ƙafarsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a kuma gwada idonsa. Ni nake karanta masa kowace takarda, don haka ni na ga ranar a jikin katin. Na gaya masa ta matso. Ya ce ya ji. Na sake tuna masa, ya ce sai damina ta wuce. Haka lasin ya mutu a aljihunsa, yana ta aiki da shi, har ranar da jami'an hanya suka tsare shi a bakin gari. Furfurarsa ce ta cece shi. Suka ce ya je ya sabunta, in suka sake kama shi motar za su riƙe.

Na ɗauki izini a wurin aiki, muka tafi ofishin lasin da safe a keke mai ƙafa uku. Na tsara masa komai tun daga gida: tsohon kati a gaba, sauran takardu a baya. Hoto da yatsu ba su ba mu wahala ba. Daga nan aka tura mu ɗakin gwajin ido.

Ɗakin ƙarami ne. Akwai benci a jikin bango, da kujera ɗaya a tsakiya, da farin allo mai baƙaƙen haruffan boko a rataye can gaba, manya a sama, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Mai gwajin mace ce, 'yar kudancin jiha, mai sanyin magana. Kowa ya zo sai ya zauna, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya karanto haruffan da ƙarfi. Layin yana da tsawo. Na lura Baba ya sunkuyar da kai, leɓunansa suna motsi. Na ɗauka tasbihi yake yi.

Da aka zo kansa, na yi abin da na ga ya dace. Na ce, "Madam, tsohon nan bai yi boko ba."

Ta ce, "Babu damuwa, muna da na irin su Baba." Ta tashi ta juya allon. A bayansa babu haruffa, sai wani zane mai ƙafa uku da aka maimaita, wani ya kalli sama, wani ƙasa, wani gefe. Abin da ake so shi ne mutum ya nuna da hannu inda ƙafafun suka dosa. Ta yi wannan a gaban kowa, a fili, cikin hasken taga.

Baba ya zauna, ya gyara hularsa, ya rufe ido ɗaya. Kafin ta yi masa bayani ya fara. Ya jero haruffan boko ɗin nan daga na sama har na ƙasa, da irin muryar da yake tilawa da asuba, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Har ƙananan da samari suka kasa ya kawo. Ya sauke hannu ya ce, "Ko in maimaita?"

Wani ya fara dariya a benci, ya haɗiye ta.

Matar ta matso kusa da shi. "Baba, me kake gani a allon?"

"Abin da kowa ya gani."

"Na juya allon, Baba."

Ta ɗaga yatsunta daga inda take tsaye ta ce ya faɗi ko nawa ne. Ya juya kansa gefe kamar mai leƙe ta ramin ƙofa, ya daɗe, sannan ya faɗi abin da ba shi ba.

Ya ce, "'Yata, a ƙara mini wa'adi zuwa bayan Sallah. Ina da iyali."

Ta ce, "Wanda ya mutu ba a ƙara masa wa'adi, sai dai a sabunta. Sabuntawa kuma sai ido ya ci gwaji. Ka je asibiti. In yanar ido ce, a cire, ka dawo, ni da kaina zan sa maka hannu."

Muka fito. Muka sauka a tasha, inda ya bar motar. A nan ya ce, "Da ka yi shiru, da yanzu mun gama."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Na shiga gaba na zauna kusa da shi, domin ina son in gani da idona. Ya tuƙa mu zuwa gida. A wani wuri ya rage gudu ya kauce wa rami, alhali an cike ramin tun bara, kwalta ce sumul. A kwanar unguwarmu ya danna oda kafin ya shiga, yadda ya saba. Amma wani ya ajiye amalanken ruwa inda ba a saba ajiyewa ba, kuma Baba ya doshe shi kai tsaye, sai da na ce "birki" sannan ya taka. A nan na gane hanyar ma hadda ce. Ya haddace ta gada bayan gada, kwana bayan kwana, har Ningi. Abin da babu shi a haddar, kamar akuya ko yaro ko babur, ba ya cikin lissafinsa.

Mako na gaba na kai shi asibiti. Likita ya ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci daga gefe. Magani zai iya tsare abin da ya rage. Abin da ya tafi ba ya dawowa.

Bayan haka wani tsohon abokinsa ɗan kamasho ya zo gida. Na same su a zaure.

Ya ce, "Ga alƙalin gidan ya iso. Kai Ma'aji, uban naka da ya yi tuƙi tun kana tsumma, yau wata mai allo ce za ta sauke shi? Na san wanda zai fito masa da lasin a wani gari, ko kujerar ba zai zauna ba. Takardun nan kawai za ka ba ni."

Takardun suna hannuna. Baba ya juyo da kunnensa wajena, ba idonsa ba.

Na ce, "Kawu, in an fito da shi, kai za ka zauna a gaba zuwa Ningi?"

"Ni ai ƙafata ba ta son zaman mota."

"To jikanka fa, za ka sa shi?"

Ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce 'ya'yan zamani ba su da ta ido. Baba ya ce, "Kai, ba shi." Tun da nake ban taɓa ƙin umarninsa ba. Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba, ba zan bayar ba." Na shiga ciki na kulle takardun a akwatina.

Ya sake fita da motar bayan wannan, da mataccen lasin, domin shi katin yana wurinsa. Amma labarin allon ya riga shi isa tasha. Fasinjoji suka riƙa wuce motarsa suna shiga ta baya. Shugabannin tasha suka kira shi gefe suka yi masa magana cikin girmamawa. Kafin azahar ya dawo da ita babu kowa a ciki, ya ajiye ta jikin katanga. Ya hana a sayar, ya hana a ba wani. Tayoyin suka sace, aka ɗora ta kan duwatsu.

Nauyin gidan ya dawo kaina, na ɗauka. Kullum da safe nakan durƙusa in gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Bai sake ce mini Ma'aji ba. Wani lokaci bayan la'asar nakan ji shi a zaure shi kaɗai, yana jero garuruwan hanyar Ningi a hankali, da inda ake rage gudu, da inda gada take. Ba ya kuskure.

Ranar da ya rasu, da aka cire masa riga za a yi wanka, aka sami katin lasin a aljihun gaba, nannaɗe cikin leda. Aka miƙo mini, domin ni ne mai ajiye takardu.