Garantin Tsohuwa

Shekarata ta biyu a jami'ar Lyon na shiga kulob ɗin harbin allo, na saya wa kaina ƙaramar bindigar hannu, kwance, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, wurin wani ɗan kulob da idonsa ya raunana. Tsohuwa nake ce mata. Icen mariƙinta ya sha hannu har yana santsi kamar taɓaryar gidanmu. Mutum huɗu za a zaɓa ran Asabar su wakilci jami'a, ni kuwa har a mafarki ina ganin kaina cikinsu. Ran Talata Tsohuwa ta yi yaji. In ja kunama, shiru.

Cikin akwatinta na tsinci takardar garanti, ta yi ja don tsufa, da adireshin wani shago a Paris. Na yi tsalle! A Damagaram, bindigar kakana in ta lalace gidan maƙeran da suka ƙera ta ake mai da ta, uba ya mutu ɗa ya gyara. Na ɗauka haka abin yake ko'ina.

Na kulle akwati, na haɗa takardun izini, sai lagar, tashar jirgin ƙasa. Jirgi na gudu, gonaki na narkewa cikin hazo, shanu farare kamar suna iyo a madara. Ni dai tsakiyar allo nake gani a kowace taga.

Da na sauka Paris na biya wurin kawuna, mai sayar da atamfa a Saint-Denis, ya zura babbar riga ya ɗauko goro zai raka ni.

"Gidan maƙera ba a zuwa hannu rabbana, ɗana. Ku 'yan lakwal, 'yan makarantar boko, ba ku san komai ba sai surutu."

Shagon na warin mai da tsohon itace. Mai shi dattijo ne, tabarau a goshi. Kawu ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sanyi, gajiya, ina fassarawa da Faransanci ina gumi. Dattijon ya juya goron a tafinsa, sannan ya karanta takardar.

"Samari, sa hannun mahaifina ne. Garantin shekara ɗaya ne, ya ƙare tun ba a haife ka ba."

Na gaya wa kawu. Ko gezau.

"Ce masa, uban nasa ya rasu?"

"Ya rasu, kawu."

"Allah sarki. To ai shi ke nan, magana ta dawo kansa."

Na fassara, kunya kamar in nutse. Dattijon ya yi dariya har da tari. Sai ya shiga shafa sa hannun da babban yatsa. Ya sauke tabarau, ya kwance Tsohuwa a kan wani ƙyalle kore. Wani ɗan ƙarfe ne ya cinye, irinsa kuma an daina yi. Ya zauna ya goga wani da hannu. Ƙarar magagarin na tashi a hankali, ƙurar ƙarfe na yawo cikin hasken taga, kawu na gyangyaɗi a kujera.

"Ta gaji," in ji shi da ya miƙo mini ita. "Asabar za ta kai ka. Bayan nan ka bar ta ta huta. Kada ka gwada ta kafin ranar."

Kwana biyu ban taɓa ta ba, yatsana na ƙaiƙayi. Ran Asabar harbin farko ya kauce, sauran suka bi hanya. Da aka manna sakamako a bango na fara dubawa daga ƙasa, ina hawa, ina hawa, sai ga ni na huɗu. Ihun da na yi, sai da mai gadi ya leƙo.